A Bar Gurbi Yadda Yake

Zuwa ga Tsinke,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya aikin ofishin Farfesa? Mu nan lafiya lau. Baban yara ya ce in tambaye ki ko har yanzu iska na ɗaukar ki in kin fito waje, ko kin samu kin ɗan yi kumatu. Yara suna gaishe ki, kuma sun cika ɗakinki na kusa da kicin da tarkacen kekuna, na ce su kwashe kafin hutu. Mutane har yau ba su yarda cewa kakanninmu ne kawai wa da ƙani ba. Tun da kika yi sakandare a gidan nan, kowa ya ɗauka ciki ɗaya muka fito.

Gwaggo, mahaifiyarki, ta zo asibiti makon jiya. Jininta ya ɗan sauka, halinta ne bai sauka ba. Kin san tsarin binciken maganin hawan jinin nan: in auna mutum kafin ya haɗiyi ƙwaya, ya zauna awa guda, in sake aunawa. To, Gwaggo ba ta iya zama. Da ta haɗiya sai ta fara duban ƙofa, wai ta bar keken ɗinki da masu jiran kaya. Ina juya baya ta sulale. Ba ita kaɗai ba ce, direbobi da 'yan kasuwa ma haka suke mini, amma ita ce sarauniyarsu.

Na ba direban da ke kai jinin gwaji ofishinku wannan wasiƙa, don a waya sai in manta rabin abin da ke bakina. Ga abin da ya hana ni sukuni. Farfesa ya ce daga yanzu kowane asibiti zai yi lissafinsa da kansa da sabuwar manhajar nan, ya aika sakamako. A jadawalina kowane marar lafiya yana da layinsa. A gidan da na sa wa suna Kafin, akwai jerin awonsa na duk zuwan da ya yi, a gida ɗaya, kamar an cusa yara a gado guda. A gidan Bayan ma haka. Abin da ake so shi ne a ɗebe wannan daga wancan, a ga nawa jinin ya sauka a kowane zuwa. Inda mutum ya gudu bai tsaya ba, ɗan layi nake ja. Ga na Gwaggo ki gani:

Kafin: 160, 150, 170, 155
Bayan: 148, –, 150, 140

Duk sanda na ce wa manhajar ta ɗebe, sai ta watso mini jan rubutu. Na lallaɓa ta, na zage ta, na kashe na kunna, a banza. Ni ma'aikaciyar jinya ce, jijiya na sani ba wannan ba.

Kada ki yi mini dariya, amma abin ya zauna mini a rai. Farfesa ya yi alkawarin duk ma'aikaciyar da ta kammala nata, sunanta zai fito a takardar binciken tare da na likitoci. Tun kafin ki yi haƙori nake ɗaura wa mutane abin awo a hannu, sunana bai taɓa fita ko'ina ba sai a allon masu aikin kwana. Ni na kai ki wurin Farfesa na ce ya ɗauke ki, to yau ga ranarki. Ki taimaki tsohuwa.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Na samu wasiƙarki, na karanta ina dariya har wanda muke tebur ɗaya da shi ya ɗauka wani ne ya rubuto. Ina lafiya, sai dai jarrabawa ta sa mu gaba. Ki ce wa Baban yara kumatu na nan tafe. Ki gaishe da yara, ki ce su taɓa littattafaina su gani. Ita kuwa Mama, ki ɗaure ta da kujera in ta kama, na ba ki izini.

Yaya, abin nan ba wuya. Manhajar tana iya ɗebe jeri daga jeri kai tsaye, ba sai kin warware su ba. Yadda take yi shi ne na farko da na farko, na biyu da na biyu, har ƙarshe. Ki tuna rigar da Mama ke ɗinkawa: kowane maɓalli da hudarsa. In kika tsallake huda ɗaya, rigar za ta rufu, amma a karkace tun daga nan har ƙasa. Tarawa ma haka take yi, da ninkawa da rabawa. Sharaɗinta biyu ne kawai, jerin su zama tsawo ɗaya, kuma abin da ke ciki ya zama lamba. Ɗan layin nan da kike ja ba lamba ba ne, shi ya sa take miki ihu.

Na tura miki 'yan layukan umarni ta imel. Za su share 'yan layukan da kike ja, su daidaita tsawon jerin biyu, sannan su ɗebe. Ki manna su kawai ki danna. A tsaitsaye na rubuta su tsakanin darasi da darasi, amma ƙaramin aiki ne, ko ina barci zan yi shi.

Sai dai ga magana ɗaya, ki riƙe ta da kyau. Doka ce a nan, mu na babban ofis ba ma taɓa lissafin wani asibiti kafin ya iso, don kada a ce mun gyara sakamako ya yi daɗi. In Farfesa ya ji ni na rubuta miki, aikin ya tafi, kuma kin san gurbin karatuna a jikin aikin yake rataye. Ki goge imel ɗin in kin kwafa. Ki yi mini alkawari ko Likitanku ba zai ji ba, ko Baban yara.

Ina jiran ranar da zan ga sunanki a takarda. Ni zan sa ta a gilashi in rataye miki a falo.

Ƙanwarki, Tsinke

*

Zuwa ga Tsinke,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka sauke wa kaya daga ka. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura, ta ma sake shi. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Yarinya, kin yi abin kai! Na manna na danna, kafin in gyara zaman tabarau amsa ta cika jadawali daga sama har ƙasa, ba ko ɗigon ja. Har na yi guɗa ni kaɗai a ɗakin kwamfuta, mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya. Likita ya ce bai san ina da wannan kan ba. Na ce masa ai ba a nuna wa mutane komai rana ɗaya. Alkawari kuwa na ɗauka, imel na goge, bakina ƙanin ƙafata.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Na duba layin Gwaggo, ya ba ni 12, 0, 30. Zuwanta huɗu, amsa uku. Kuma sifilin nan ya faɗa a zuwan da ta gudu, sai na ce ƙila haka na'ura ke nuna wanda bai tsaya ba. Talatin ɗin ma ban tuna jininta ya taɓa faɗuwa haka ba, da na ga tana jiri. Na kira ki ban samu ba, na san kina ɗakin jarrabawa. Wa'adin aikawa kuma ya cika, Likita yana tsaye a kaina, sai na ce wane ni in yi gardama da mai digiri, na aika. In akwai abin dubawa ki duba mini ta can.

Gwaggo ta ɗinka miki riga, direba zai miƙa miki. Ta ce in ta yi miki yawa ki ci abinci, ba za ta rage ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Rigar ta iso, ki yi wa Mama godiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi yawa.

An ga matsala a sakamakon asibitinku. Bai yi kama da na sauran ba, wasu jininsu kamar bai motsa ba, wasu kamar ya hau bayan magani. Ni Farfesa ya ba aikin binciko dalili. Kada ki ce wa kowa komai tukuna. Ki bar komai a hannuna.

Tsinke

*

Zuwa ga Tsinke,

Gaisuwa da fatan alheri. Jiki lafiya, zuciya ce dai sai a hankali. Wasiƙarki gajera ce kamar takardar magani, amma layinta na ƙarshe shi ya riƙe ni duk kwanakin nan. Da na karanta cewa ke aka ba aikin binciko dalili, na ce alhamdu lillahi, da ɗan gari akan ci gari. Wa ya kai ni sa'a, a ce mai duba laifina ita ce wadda na yi wa kitso ta tafi makaranta?

Ga abin da ya faru tun bayan nan. Saƙo ya zo daga Farfesa cewa a dakatar da ni daga binciken har a gano dalilin matsalar. Likita ya kira ni ofishinsa, yana magana yana duban fanka. Ya karɓi makullin ɗakin kwamfuta, ya ba wata yarinya da ni na koya wa neman jijiya. An mai da ni ɗakin wankin ciwo. Ba na raina aikin, da shi na fara, amma ki ga yadda ake yin shiru in na shiga inda ake hira. Maganar da ke yawo ita ce wai ba na auna mutane, zama nake in ƙirƙiro lambobi daga kaina. Ni! Ni da nake bin direba har bakin titi da abin awo a hannu ina roƙon sa ya dawo ya zauna.

Ban ce uffan ba, kamar yadda kika ce. Baban yara ya tambaye ni har ya gaji, yanzu kallona kawai yake. Na san kina can kina neman hanyar da za ki fitar da ni ba tare da kin jefa kanki ba, kuma na san ba abu ne mai sauƙi ba. Ba na gaggauta ki. Amma wayarki tana ta ƙara ba a ɗauka, direba kuma ya dawo hannu rabbana, ya ce kin ce kina taro. Ko layi biyu ne ki rubuto, in san da wace ƙafa zan taka.

Gwaggo ba ta san komai ba. Ta zo ta tarar da sabuwar yarinya, ta ce ita ba mai taɓa mata hannu sai ni. Sai da aka je aka kira ni da safar hannu da warin magani.

Likita zai je babban taronku. Na ce ya gaishe ki.

Yayarki mai jira

*

Tsinke,

Ina fatan kina lafiya. Na tabbata ma kina lafiya, an ba ni labari.

Likita ya dawo daga taro bakinsa har kunne. Ya same ni ina naɗe wa wani makaniki yatsa, ya ce, “Sista, 'yar'uwar nan taki zinariya ce. Ita ta ceci binciken nan gaba ɗaya.” Na ce masa to, madalla, na ɗauka an wanke ni. Sai ya ja kujera ya ba ni labari tiryan-tiryan.

Ya ce kin tsaya gaban manya kin haska layin wata marar lafiya a bango, ba suna, sai lambobi. Ya ma kwafo su a bayan takardar taro don sun burge shi. Na karɓa na duba: 160, 150, 170, 155. Tsinke, layin uwarki kika haska. Ya ce kin nuna musu yadda aka share gurbin zuwa na biyu, na uku ya matso ya zauna a wurinsa, na huɗu ya matso na uku, aka kuma datse wutsiyar Kafin don tsawo ya zo ɗaya. Awon wata rana aka ɗebe daga na wata rana daban. Amsar gaskiya 12 ce, sai gurbi, sai 20, sai 15. Ya ce har kin kawo misalin maɓalli da huda, ɗaki ya fashe da dariya, Farfesa ya tafa.

Sai yanzu na gane sifilin nan da talatin ɗin da na tambaye ki a kansu. Na tambaye ki, Tsinke. Da hannuna na rubuta miki.

Har nan ban ji haushi ba, kuskure ɗan adam ne. Sai Likita ya ce Farfesa ya tambaya a gaban kowa, wa ya rubuta waɗannan layukan umarni? Ya ce kin gyara tsayuwa kin ce, “Daga asibitin suka zo, ranka ya daɗe.” Ya ce abin da ya fi burge mutane ke nan, kowa ya san ni 'yar'uwarki ce amma ba ki rufa mini ba. A nan take aka ba ki shugabancin tantance alƙaluman duk asibitoci.

Na gama naɗe yatsan makanikin, na yi masa sannu, na shiga banɗaki na rufe ƙofa. Ban taɓa jin abu ya soke ni irin wannan ba, ko ranar da aka karɓi makulli. Ashe da kika ce in bar komai a hannunki, wuyana kike nufi. Ni ina nan ina kare miki baki, ina ce wa kaina yarinya tana can tana fafutuka, ashe shirun nawa kike buƙata ki gama gininki a kai. An ce naka shi ke ba da kai, ina jin karin maganar nan tun ina yarinya, ban san da ni take ba.

Kwamiti zai kira ni ta bidiyo daga ofishin Likita. Tambayar da aka yi miki ita za a yi mini. Kafin ranar ina so in ji daga bakinki, ba daga bakin Likita ba.

Yayarki, in har yanzu haka ne

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baban yara da yara. Ni ba lafiya nake ba, ko abinci ba ya shiga, kada ki ga an ce an ƙara mini matsayi.

Yaya, ki saurare ni don Allah. Ban yi ƙarya ba. Fayil ɗin daga asibitinku ya zo, layukan suna cikinsa, abin da na faɗa ke nan. Ban ambaci sunanki ba ko sau ɗaya. Kuma ni ce na dage aka ɗauko takardunki na asali aka gwada, aka ga duk awonki daidai ne, ba abin da kika ƙirƙira. Ba don ni ba da har yanzu ana kiran ki maƙaryaciya. Wannan Likita bai faɗa miki ba?

Ki sa kanki a matsayina. Mutum sama da talatin a ɗaki, Farfesa yana kallona. In na ce ni ce, ba kuskure kaɗai na amsa ba, na amsa karya doka. A ranar za a karɓi katin aikina, karatun ya tsaya, in dawo in zauna kusa da keken Mama ina sa maɓalli. Kin san abin da hakan zai yi mata, ke kike auna ta. Ke kuwa kina da aikinki na jinya, ba mai raba ki da shi. Abin da za ki rasa suna ne a takarda, kuma lissafi dama ba fanninki ba ne, ba wanda zai ga laifinki sosai. Za a ce ba ki sani ba ne, shi ke nan.

Kuma Yaya, ke ma kin ga sifilin nan, kin ga amsa uku a zuwa huɗu, kika aika. Ba ina ɗora miki ba ne, amma ba ni kaɗai ba ce.

Na gyara layukan yanzu, duk asibitoci da su suke aiki. Inda babu awo, a bar gurbi yadda yake, kada a share, kada a matso da na gaba. Manhajar ta san gurbi. In ta zo kansa sai ta bar amsar a buɗe ta wuce, sauran kowa ya haɗu da nasa. Da na tsaya na yi tunani minti kaɗan ranar, da haka na rubuta miki tun farko.

Ki rufa mini asiri, Yaya, kin yi mini alkawari. In na gama na tsaya da ƙafata, wallahi zan saka miki. Akwai bincike na gaba, ni zan zaɓi masu aiki.

Ƙanwarki har abada, Tsinke

*

Zuwa ga Shugabar Tantance Alƙaluma,

Ina gaisuwa, ina taya murna. Mu nan lafiya, yara suna makaranta, Baban yara yana fama da bayansa kamar kullum. Ki ci abinci, ba a shugabanci da yunwa.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin iya jera magana, wannan ba a wurina kika koya ba. Gaskiya ne na ga sifili na aika, wannan nawa ne na ɗauka. Gaskiya ne kin sa an duba takarduna, na gode. Amma layin da ya tsaya mini a rai shi ne wai abin da zan rasa suna ne kawai. Ke da kika ce za ki sa shi a gilashi. Ke kaɗai na faɗa wa abin da sunan nan yake a wurina, ko Baban yara ban faɗa masa ba don kada ya yi mini dariya. Da shi kika auna ni, kika ga ba shi da nauyi. Aikin da kike mini tayi a bincike na gaba kuwa ki riƙe abinki, ban kai lalacewar da zan ci albashin shiruna ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar kwamiti na fito gida da niyyar in faɗi komai. Alkawari ai da mutum ake yi, na ce wadda na yi wa alkawarin ba ita ce ta tsaya a taro ba. Har na shirya kalmomin a mota.

Ina shiga asibiti na tarar da Gwaggo a benci ta naɗe hannun riga, ta kori sabuwar yarinya, tana jira na. Labari ya kai mata, amma rabinsa. Tana ba duk mai zama kusa da ita labarin yadda 'yarta ta gano abin da ya gagari farfesoshi. Na ɗaura mata abin awo, na ba ta ƙwaya, na juya ina jiran in ji ta sulale. Ba ta motsa ba. Ta ce, “Yau ba inda za ni. An ce masu gudu ne suka ɓata wa 'yata lissafi, to masu kaya su jira.” Sannan ta dafa hannuna ta ce, “Ke ma ki daina jin kunya, in abu ya shige miki duhu ki riƙa tambayar ƙanwarki. Ai don haka aka sa ta a makaranta.”

Na ce to, Gwaggo.

Daga nan na wuce ofishin Likita. Fuskar Farfesa ta cika allo, na hango gefen kafaɗarki a bayansa, da rigar da Gwaggo ta ɗinka. Ta yi miki daidai ashe. Ya ce wa ya yi lissafin? Na ce ni na danna, ni na aika. Ya ce layukan fa, wa ya rubuta? Na dubi kafaɗar nan, ba ta motsa ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, daga asibitin nan suka zo.” Kin ji da kunnenki, ba sai na ba ki labari ba. Ni ma ban yi ƙarya ba, ko?

Sauran kin sani tunda ta teburinki ya bi. An cire ni daga binciken, an cire sunana, an ce ba ha'inci ba ne, ƙaramin sani ne. Yanzu in na wuce ba a yin shiru, tausayi ake ji na, wanda ya fi shirun ciwo. Kada ki ɗauka don ke na yi, kuma kada ki ɗauka don alkawari. Matar da ke zaune a benci tana kallon agogo na duba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka aka ce, amma ba a ce dole ka ci abinci da shi ba.

Baban yara ya ce ɗan ƙaninsa zai zo karatu, a ba shi ɗakin kusa da kicin tunda ba kowa. Na ce a'a. Ya ce saboda me, na ce haka nan. Na sa yara sun kwashe kekunansu, na jingine katifarki, na rufe littattafanki da zane, na kulle. Ke kika rubuto cewa inda babu awo a bar gurbi yadda yake, kada a share, kada a matso da na gaba. Wannan karon na bi umarninki da idona a buɗe. Ban share ki ba, ban kuma sa kowa a wurinki ba. Amma in hutu ya zo ki sauka gidan Gwaggo, makullin yana wurina kuma ban shirya ba da shi ba.

Na ce wa direba kada ya tsaya jiran amsa.

Gwaggo ta cika awarta cif ranar, ta ce lallai in gaya miki. Na ba sabuwar yarinya lambobin ta shigar. Kafin 172, bayan 151. Za su iso teburinki. Ki tabbata kowanne ya haɗu da nasa.

Ma'aikaciyar jinya, ɗakin wankin ciwo